Aduruku Bakwai a Bakin Teku

Ku matso ku ji. Wannan ba ta Gizo ba ce, da ƙafata na taka ta. Ni Tabawa ban san baƙi ba. Malama Rifkatu, 'yar Wusasa da ke koyarwa a Giginyu, ita ke riƙe da alƙalami, ni ke riƙe da magana.

Ɗana Habu shi ne mai ba fulawa ruwa a gidan Alhaji a Nassarawa, ni kuma ina zaune a ɗakin baya. Shekarar da soja suka sauka, Alhaji ya tura shi gadin wani fili bayan Badagiri, can gaba da Ikko. Rikici ya tashi can, aka kashe shi. Alhaji ya yi mini gaisuwa ta tagar mota, yana saurin zuwa taron siyasa. Damina biyu ina roƙo kafin ya yarda Malam Sale direba, wanda ya binne Habu da hannunsa, ya kai ni in ga kabarin. Ga shi yanar ido ta fara rufe mini gani. In ban gani bana ba, na gama gani.

Litinin: Kano zuwa Jebba

Ƙarfe biyar saura kwata a agogon Sale muka fita, a cikin a-kori-kurar da za ta kai albasa Ikko. Kafin Kura samarin Shari'a suka tare mu. Ɗaya ya leƙo ya ce, "Direba, wannan muharramarka ce?"

Na ce, "Ɗan nan, na yanke cibiyar wanda ya girmi ubanka."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Iya."

Ni ba alluna nake karantawa ba, itatuwa ne ke gaya mini inda nake. Gawo ya fara barinmu, sai aduwa. Mun wuce Kaduna ƙarfe tara, kilomita ɗari biyu da ɗoriya in ji Sale, kaɗanya da ɗorawa suna rakiyarmu. Wajen Tegina maje ya karɓe su.

Na ce, "Sale, ka tabbata za ka gane wurin?"

Ya ce, "Iya, ba ya ɓata. Reshen aduruku na kafa a kansa. Duk Kano guda nawa kika sani?"

Na ce, "Ɗaya, a gidan wani tsoho a Badawa. Sai an roƙa yake tsinko wa mai jego ganye."

Ya ce, "To kin gani."

Da magariba muka haye gadar Jebba. A zango muka sauka, matar mai masauki ta ba ni tuwon shinkafa da kifi. Loma uku na iya.

Talata: Jebba zuwa Badagiri

Ƙarfe shida muka ɗaga. Daga Ilorin na fara zama baƙuwa. Shekara sittin ina saƙe-saƙi, ba itacen da zan murza ganyensa in kasa kiran sunansa, amma yau ga daji ya rufe sama, ban san kowa a cikinsa ba sai rimi da kwakwar manja. Shinge tara muka wuce, kowanne sai an sauke wa masu bindiga albasa. A Badun na ci amala, baƙi kamar an tuƙa da toka. Cunkoson Ikko ya cinye mana awa huɗu. Da la'asar sakaliya muka shiga zangon Badagiri, iska tana warin gishiri da kifi.

Laraba: Hayin ruwa

Ƙarfe bakwai da rabi muka shiga kwalekwale. Mai masauki ya haɗa mu da wata dattijuwa, Mama Sikira, mai saƙar tabarma, domin ta ji Hausa. Shekara talatin ta yi tana sayar da goro a Kano.

Na ga kainuwa, na gaishe ta. Na ga bado, na ga tukurwa a gefe. Sai ga wani itace tsaye cikin ruwa bisa ƙafafu kamar gizo-gizo. Na ce, "Wannan fa?"

Ta ce, "Egba muke ce masa. Ruwan gishiri yake sha. Ɓawonsa na rina taru."

Ta tsinko mini ganye, na murza, na sansana, na ɗanɗana. Bauri kamar bagaruwa. Na ce, "To ɗan'uwan bagaruwa ne, zai tsai da zawo." Ta tafa hannu ta ce, "Haka muke yi! Iya, ke boka ce." Rabona da dariya tun rasuwar Habu.

Muka sauka a wani tudun rairayi, kwakwar attagara jere, teku na ruri a bayansu. Sale na gaba, yana sauri. Sai ya tsaya cak.

Aduruku ne, jama'a. Aduruku a dama, aduruku a hagu. Shi ne dangar gida, shi ne iyakar gona, shi ne turken akuya. Miƙaƙƙe, ba yawan reshe, ganye kore shar mai baki kamar zarto, fure ruwan hoda. Abin da muke roƙo a Badawa, nan shi ne kara.

Mama Sikira ta ce, "Akoko ke nan. Ko sanda ka jingina a ƙasar nan, ka dawo ka tarar ta yi ganye."

Sale ya durƙusa. "Wallahi Iya, ban lura ba. Cikin tsoro muka yi, gudu muke. Guda na gani, na sara. Na ɗauka kamar gida ne."

Direba ne, kwalta yake kallo. Ban zage shi ba. Ban kuma ce ya tashi ba.

Na ce su kai ni gefen da aka binne mutanen ranar. Ƙasa ta lafe, tofa ta rufe ko'ina, ba tudu ba kasko. A Kano kabari na shekara goma ana gane shi, nan ruwa ya shafe a damina biyu. Na ajiye sandata na fara bin su da hannu ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kai kaurin cinya, ya girmi mutuwar Habu. Wanda bai wuce yatsa ba, na bana ne. Wanda ke cikin layi, danga ce. Na Habu zai kai kaurin damtse, ya tsaya shi kaɗai, da tabon sara a inda ya sake toho. Tun hantsi nake lalube har azahar, tururuwa na cizona.

Bakwai suka rage. Kai ɗaya, kauri ɗaya, duk suna gefen da kan mamaci ke kwanciya. Ashe kowa da ya binne nasa ranar, dabarar Sale ya yi.

Na ce, "Habu, ka ji ni? Wanne ne?" Teku kawai ke amsawa.

Na bi bakwai ɗin na yi wa kowanne Ƙulhuwallahu. Na karɓi addar Mama Sikira na sari reshe daga kowanne. Tana taya ni ɗaurewa da ganyen tukurwa sai ta ce, ba ta dube ni ba, "Da labarin rikicin nan ya isa Kano, aka fita ramuwa. Nawa ɗan, Rasaki, yana shago. Ni a motar shanu na tsere. Iya, ke da kika san itatuwan Kano, wane itace ne a kan nawa?"

Na san amsa. Rami guda aka yi musu, ba a dasa ko tsinke ba. Na riƙe hannunta, sannan muka ƙarasa ɗaurin.

Alhamis da Juma'a: Komawa

Mun kwana Mokwa. Duk inda muka tsaya sai na yayyafa wa rassan ruwan buta. A Kwanar Ɗangora, da gawo ya tarye mu, Sale ya ce, "Iya, ki yafe mini." Na ce, "Kai ka binne shi. Wanda ya aike shi ko tambaya bai yi ba."

Ƙarfe biyar na yammar Juma'a muka shiga Nassarawa. Gidan cike da motoci, an manna hoton Alhaji a ƙyaure. Na kafa rassan bayan ɗakina, inda Hajiya matar Alhaji ba ta leƙawa. Shida na ba su ruwa da sunan Habu, ko Allah zai sa a dace. Na bakwai na ce na Rasaki ne.

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Sale, da Mama Sikira, da mai alƙalami. Ba ƙurunƙus a wannan. Huɗu sun yi toho, uku sun bushe, kuma ban san ko na ɗana na cikin masu rai ba.