Ranar da Shahida Kalla ta Hau Kan Firiza

A Zangon Wagadugu, in ka ce kana neman Dakta Shahida Kalla sai a tsaya ana kallon juna. Ka ce Shahida Maiƙo, nan da nan a nuna maka gidan. Ita ta jawo wa kanta sunan. Wata rana a wajen suna aka tambaye ta aikin da take yi a jami'a, ta ce maiƙo take bincike. Mata suka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Wai duk karatun nan, har ƙasar Faransa, a kan abin da ake wankewa a gindin tukunya!

'Yar marigayi Alhaji Kalla mai goro ce, kuma tun tana ƙarama ba a iya mata. In aka ce haka ake yi, sai ta ce saboda me. Mahaifiyarta Hajiya Uwa ta sha murɗe mata kunne a kan wannan tambaya, a banza. Ta yi jami'a a kan tsohon babur ɗin babanta, tana cin benga, wato wake da shinkafa, a rumfunan unguwar Zogona. Da ta gama digirin dakta a waje an so ta zauna can. Ta ce ciwon da take bi yana gida, ta tattaro kayanta ta dawo.

Ciwon shi ne sikila. Kowace ƙwayar jini tana da tantanin da ya lulluɓe ta, na maiƙo ne ninki biyu, da furotin a nutse a cikinsa suna tsare shiga da fita. A jinin mai sikila, wani maiƙon da ya kamata ya zauna ta ciki yakan juyo waje, ƙwayar ta riƙa mannewa a jikin jijiya, yaro ya yi ta ihu. Shahida tana neman dalilin da ya sa furotin da ke mayar da maiƙon ciki yake gazawa. Shekara da shekaru tana bin asibitin yara tana roƙon iyaye ɗan jini kaɗan. Ta wanke ƙwayoyin, ta tace tantanin, ta zuba a ƙananan kwalabe masu lamba, ta daskarar. In suka narke sun tashi aiki. Wasu daga cikin yaran kuma sun rasu, babu inda za a je a sake ɗiba.

Ranar jajibirin babbar sallah firizar labo, wato ɗakin bincikensu na jami'a, ta mutu. Mai gyara ya tafi sallah garinsu. Shahida ta jera kwalaben a kula, ta danna ƙanƙara, ta ɗaure a bayan babur ta nufi gida. Ta kwashe zoɓon Hajiya daga firizar tsakar gida, ta wanke ta, ta shirya kayanta, ta sa kwaɗo. Sanyinta bai kai na labo ba, amma za ta riƙe in dai ba a buɗe ta.

Sai dai wannan firiza ba ta gidan Kalla kaɗai ba ce. Alhaji ne ya fara sayen firiza a layin, kuma tun daga lokacin, ranar layya maƙwabta kan kawo namansu a kwanuka, kowa da ƙyallen da ya ɗaura don ya gane nasa. Ba a neman izini, ba a taɓa mayar da kowa ba. Firizar farko ta mutu an canza, al'adar tana nan. Baffa Shitu, ƙanen Alhaji, wanda yanzu shi ne babba a gidan, ya fi alfahari da wannan fiye da ragonsa.

Ranar sallah wajen azahar, rana ta take, aka gama fiɗa. Mata suka cika tsakar gida da kwanuka, suka tarar da kwaɗo. Aka kira Baffa.

"Shahida, ina makullin firigo?"

Ta durƙusa ta ce, "Yana wurina, Baffa. Ka yi haƙuri, bana ba za a buɗe ba."

"Me ke ciki?"

Da ta ce magani ne da an wuce wurin. Amma Shahida ba ta iya kwana-kwana ba. "Aikina ne. Abin da na tace daga jinin yara masu sikila."

Gida ya ɗau salati. Baffa ya ja da baya kamar an watsa masa ruwan zafi. "Jinin mutane? Najasa, a gidan yayana, ranar layya? Fitar da shi yanzun nan a wanke firigon!"

"In na fitar, kafin a gama soya hanta ya lalace."

"Nan gidan ubanki ne, ba labo ba. Mutanen nan fa, namansu ya ruɓe?"

"A soya, Baffa, kamar yadda aka yi kafin lantarki ya zo Zango. Nawa ba ya soyuwa."

Baffa ba mugu ba ne, wannan dole a faɗa. Mutum ne da ya ga maƙwabtan shekara da shekaru tsaye a gidansa da nama a hannu, ana kora su, kunya ta rufe shi. Ya shiga ɗaki ya fito da guduma. Shahida ba ta tsaya shawara da kowa ba. Ta tattare shaddar sallarta, ta dafa murfin, ta haye ta zauna daram a kan kwaɗon. Mace ta doshi hamsin, da furfura a goshi da digiri har na dakta, ga ta a kan firiza ƙafafu na lilo. Ba wanda ya yi dariya.

"Sai ka fara da ni, Baffa," in ji ta, muryarta sama da tasa.

Wannan tsohon shi ya riƙa ɗaukarta a kafaɗa zuwa idi, ba ta taɓa ɗaga masa murya ba sai yau. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ko gezau ba ta yi ba.

Sai wata mata ta ratso taron. Mamunatu ce, matar wani direba ɗan Nijar, wadda ɗanta Fa'izu ya rasu da damina. Ta ajiye kwanonta a ƙasa.

"Dakta, wanda kika ɗiba a jikin Fa'izu a asibiti, yana ciki?"

Shahida ta dube ta. "Yana ciki."

"Buɗe in gani."

"Ko ke ba zan buɗe wa ba, Mamunatu. Duk buɗewa zafi ne ke shiga."

Mamunatu ta ɗora tafin hannunta a jikin firizar. Tana nan tsaye sai gurnanin injin ya ɗauke. An ɗauke wuta. Shahida ta diro tana cewa a miƙo barguna, a rufe firizar kada sanyin ya fita. Babu wanda ya motsa, kowa idonsa na kan Baffa. Mamunatu ta zare sabon mayafin sallarta, ta shimfiɗa a kan murfin, ta gyara gefe-gefe yadda ake lulluɓe yaro mai zazzaɓi. Ta juya ta ce, "Baba Shitu, in za a fasa, mu biyu ne."

Hajiya Uwa ta shiga ɗaki ta fito da bargunan gadonta. Baffa ya dubi matan uku, ya ajiye guduma a gindin bango, ya fita.

Wuta ta dawo kafin la'asar. A ranar, layin ya wuni cikin hayaƙin suya da gunaguni, kuma ba kowa ya samu mai da icen da ya isa ba, akwai gidajen da namansu ya yi wari aka zubar. Shahida ta aika wa Baffa cinyar ragonta, ya dawo da ita ko buɗe kwanon bai yi ba. Ta shiga ɗaki ta yi kukanta.

Bayan sallah aka gyara firizar labo, ta mayar da kwalaben, ba wadda ta narke. Har yau ba ta kai ƙarshen bincikenta ba, kuma har yau in ta gaishe da Baffa sai ya kau da kai. Dattawa sun sa ta je ta ba shi haƙuri, ta kuwa je, ta durƙusa a gabansu.

"Baffa, ka yafe mini ɗaga muryar da na yi," in ji ta. "Kwaɗon kuwa, in aka sake irin ranar, zan sake sawa."