Suna Babu Jariri

Har yau in na shiga gidan biki akwai matan da ke taɓa juna, wai ga wadda ta sa aka yi suna babu jariri. Ni ce, kuma ban yi nadama ba. Tunda Allah ya sa na koyi riƙe biro da furfura a kaina, a ajin yaƙi da jahilci, bari in rubuta yadda aka yi, don masu yaɗa labarin rabinsa kawai suke faɗa.

'Yata ce ta haihu, haihuwar fari, ɗa namiji. A ɗakina ta zo wankan jego kamar yadda aka saba. Muka rufe taga, muka saki labule, wai kada iska ta kama jariri. A irin wannan duhun kuwa kowane jariri lafiyayye ne. 'Yan barka suna shigowa suna cewa, "Tubarkalla, fari sol, ya ɗebo hasken dangin ubansa."

Wadda ta fara faɗin gaskiya maƙwabciyata ce ta kasuwa, wata mai doya daga Shabu, Kirista, da muka yi shekaru rumfa na jikin rumfa. Ta karɓi yaron, ta juya shi, sai ta fita da shi bakin ƙofa ba ta tambayi kowa ba. Ta danna hancinsa da yatsa ta ɗaga.

"Mama, wannan yaro ba fari ne ba. Yalo ne, ruwan ɗorawa. Zo duba ido."

Na duba. Farin idonsa kamar an shafa masa gwaiduwar ƙwai. Shawara ce.

Ita ta san abin da take faɗa. Ɗanta haka ya yi yana jariri, aka ce ta riƙa shanya shi a hantsi tana ba shi ruwan ɗanyar gwanda. Yanzu sa'o'insa suna sakandare, shi yana kwance kan tabarma a bayan rumfarta. Wuyansa ba ya tsayawa, kuma ko tasa ka buga kusa da kunnensa ba ya waiwaye. Ni nake taya ta ɗaga shi in za a tashi kasuwa.

Na koma ɗaki na ce wa 'yata, "Ke ba ki gani ba?"

Ta sunkuyar da kai. Ashe ta gani. Ta ga ya rage kama nono, ta ga barcinsa ya yi nauyi. Amma ɗan fari ne, an koya mata mace mai kunya ba ta zuba wa ɗan farinta ido a gaban mutane, balle ta buɗe baki ta ce a duba mata shi. Ta ji tsoron a ce ba ta da kara. Yaro yana rinewa a cinyarta, ita tana tsare mutunci! Raina ya ɓaci, na ɗaura ɗankwali.

Muka tari keke sai asibiti. Suka ɗebi jininsa suka auna. Likita ta ce shawarar ta hau sosai, in ta ƙara hawa takan taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta taɓa ba ya dawowa. Suka tuɓe shi daga shi sai famfas, suka rufe masa ido da wani ƙyalle mai taushi, suka kwantar da shi ƙarƙashin wata shuɗiyar fitila. Nas ta ce hasken ne ke narkar da abin da ya rina jikin, ya fita ta fitsari da kashi. A ɗauke shi ya sha nono kawai, a mayar. Ta ce, "Kaka, sai haƙuri, ba aikin yini ɗaya ba ne."

Ana gobe suna sai ga surukina, mijin 'yar tawa, tare da gwaggonsa wadda ta raine shi, ta taso takanas daga Doma. Tana leƙa gadon ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Ɗan gidanmu ne tsirara ƙarƙashin ƙwan lantarki kamar ɗan tsakon gidan gona? An ɗaure masa ido sai ka ce an kama ɓarawo?"

Na ce, "Hajiya, sannu da hanya. Magani ne."

"Magani ko gashi? To gobe suna. An sayi rago, an ɗinka anko, mutanenmu sun kama mota, an gaya wa wanzami. A ba mu shi da safe, a yi masa aski, mata su gan shi su sa albarka. Da la'asar mu dawo musu da shi su ci gaba da gasawa."

Nas ta ce shawarar ba ta sauka yadda ake so ba tukuna, in aka raba shi da hasken tsawon yini tana iya komawa sama. Amma ta ce su ba sa riƙe ɗa da ƙarfi, in uba ya nace, nasa ne.

Gwaggo ta taɓe baki. "Yau aka fara shawara? Mu da saiwa da hantsi muka raini namu."

Ban tambaye ta nawa suka rayu ba, ko da yake tambayar ta zo min har leɓe.

Kowa ya juya ga surukina. Mutumin kirki ne, tela, amma bai taɓa ce wa gwaggonsa a'a ba. Ya sosa ƙeya ya ce, "To, ko a yi yadda Gwaggo ta ce, tunda yini ɗaya ne."

Tun da ya auri 'yata ban taɓa haɗa ido da shi ba. In ya zo gaisuwa a bakin ƙofa yake tsugunawa, ni ina bayan labule. Ran nan na tashi na tsaya tsakaninsa da gadon, na kalle shi tsakar ido.

"Malam, ka san yaron nan da ke kwance bayan rumfar doya. Kai ma ka taɓa miƙa masa lemo ya kasa riƙewa. Shi ma haka aka yi ta cewa a bari zuwa gobe. Rago bai san inda yaro yake ba, liman ba ya bukatar ganinsa. Suna a kunne ake raɗawa, ga kunnen nan. Ni so nake in an kira sunan nan gaba, ya ji."

Gwaggo ta tafa hannu. "Jama'a, suruka tana yi wa suruki tsawa! Abin da bokon tsufa ke jawowa ke nan."

"Hajiya, ku kira shi abin da kuka ga dama. Ba na matsawa."

Sai muka ji murya daga gefen gado. 'Yata ce, wadda tun shigowarsu fuskarta ke bango.

"Ba wanda zai ɗauke min ɗana daga nan."

Ta faɗa a gaban gwaggon mijinta, ta kuma miƙa hannu ta dafa ƙafar yaron, ba ta janye ba. Mijin ya dube ta. Sannan ya ce, "Gwaggo, a yi haƙuri, a bar shi."

Washegari da safe ya zo shi kaɗai, ya sunkuya ƙarƙashin shuɗin hasken ya raɗa wa ɗansa suna, ya koma aka yanka rago. Mata suka cika gida cikin ankonsu, suka tarar da gadon jariri wayam. Sun ci, sun sha, sun yi da ni son ransu. Ko tsokar ragon ba a aiko min ba. Aski sai bayan an sallame mu aka yi, wanzami bai ce gashin ya ƙi askuwa ba.

Yanzu yaron yana gudu a tsakar gidana. Wani lokaci da gangan nake sakin murfin tukunya a bayansa, don kawai in ga ya zabura ya waiwayo. Gwaggo kuwa tana gaya wa mutanen Doma saiwar da ta aiko ce ta warkar da shi. A kwata na zubar da ita, da hannuna.

In na je barka yanzu, ba na yaba jariri a cikin duhu. Ina karɓarsa in nufi bakin ƙofa, in danna hanci, in duba ido, sannan in tambayi maijego ko yana shan nono, in tsaya sai ta amsa da bakinta, ko da ɗan fari ne. Wasu gidajen sun daina aiko min da goron haihuwa. Ina jin labari a kasuwa, in je.