Diktor Uzairu, likitan da na wuce ƙofarsa

Daga Allah muke, kuma duk daɗewa gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha biyu ga Nuwamba 2024, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Diktor Uzairu Kassim, likitan ɗan asibitinmu na Basunda. Ya faɗi ne a wurin aiki, ya cika a cikin motar da ta ɗauke shi zuwa Gadarif. Shekarunsa talatin da shida. Ya bar mahaifiyarsa Hajja Fatiha, da matarsa Iman, da 'ya'ya mata biyu.

Uzairu, ni ce Mairama, maƙwabciyarku, wadda ta sha goya ka idan Hajja ta tafi yankan riɗi. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma akwai abin da ban faɗa maka ba kana raye, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Tun kana ƙarami, idan yara suka yi tsere, kai ne kake tsayawa ka dafe ƙirji kana haki. Muna cewa ragwanci ne. Ka girma, ka shiga jami'a a Gadarif, birnin yankinmu, ka dawo da farar riga, ba ka daina ce mini Yaya ba.

Ka san halinmu mu mata idan muka zauna shan jabana, gahawarmu ta gida. Likitoci muke jerawa, kuma da lafta muke auna su, wannan allon da ake kafawa a ƙofar asibiti a rubuta inda mutum ya yi karatu. Na Landan shi ne a sama, sai na Masar. Na Rasha da na Sin ana gardama a kansu har gahawa ta huce. Sai na Khartum. Na Gadarif kuwa ba ya ma shiga lissafi. Da yawanmu ba ma iya karanta laftar, mai raksha, keken haya mai ƙafa uku, muke roƙo ya karanta mana. Na taɓa jin wata ta ce a kanka, "Ɗan Fatiha? Wanda bai taɓa hawa jirgi ba, me ya gani?" Aka yi dariya. Ni ma na yi.

Da damina ta ja baya, zazzaɓi ya kama 'yata Batul, mai shekara goma sha ɗaya. Da safe na riƙo hannunta za mu tasha, muka bi ta gaban asibitinka kana tsaye a ƙofa. Ka ce, "Yaya, ina zuwa? Yarinyar nan ba ta da lafiya fa." Na ce gaisuwa za mu je. Ƙarya na yi maka, Uzairu. Gadarif na kai ta, wurin likitoci biyu daga cikin waɗanda yaƙi ya koro daga Khartum suka buɗe asibiti a can. Ɗaya a Turai ya yi karatu, ɗaya a Masar. Na farko ya ce maleriya ce, na biyu ya ce taifod. Mako bakwai muna sha da allura, yarinya tana ramewa, cikinta yana tasowa.

Kai ka zo har gida, bayan Hajja ta faɗa maka. Ba ka tambaye ni ina muka je ba. Ka kwantar da ita a tabarma, ka sa yatsu ƙarƙashin haƙarƙarinta na hagu, ka ce saifa ta kumbura. Ka soki ɗan yatsanta ka gwada jinin, kafin shayin da na ɗora ya tafasa ka ce kalazar ce, baƙin zazzaɓin nan mai kumbura saifa. Na fashe da kuka, na fara zagin waɗancan likitoci. Ka hana ni. Ka ce, "Yaya, kada ki zage su. Sun yi karatu mai kyau, na'urorin da suka taɓa ni a hoto kawai na gan su. Amma a ƙasashen da suka zauna, wannan ciwo shafi ɗaya ne a littafi. Mu ɗaki guda cike da yara aka koya mana shi. Ƙwaron da ke kawo shi a tsagar baƙar ƙasarmu yake kwana, a gindin aduwarmu. Da ciwon zuciya ne, ni da kaina zan tura ki wurinsu."

Haka kake da kowa. Ranar kasuwa kakan zaga rumfuna kana shafa cikin yara kamar mai yi musu wasa, ashe dubawa kake yi. Leburorin da suka dawo daga gonakin Gadambaliya da zazzaɓi, waɗanda ba su da kowa a garin nan, a inuwar asibitinka suke kwana har su miƙe. Tsofaffin da Larabci ke yi musu nauyi kakan zauna ka yi musu bayani da Hausa, sau biyu, sau uku, har su ce sun gane.

Sai ranar zaman makoki Iman ta gaya mana cewa zuciyarka tana buƙatar aiki tun bara. A Khartum ake yin irinsa, yaƙi ya rufe hanya. Abokan karatunka da ke waje sun yi ta kiranka ka tafi Masar, kana cewa sai lokacin kalazar ya wuce. Ilimin da ya gano ciwon 'yata yana nan a bakin ƙofata, na tsallake shi. Ilimin da zai gyara zuciyarka yana can bayan iyaka, ba ka kai gare shi ba. Na yi ta juya wannan a raina. Idan yau aka tambaye ni wace ƙasa ta fi koyar da likita, ban san abin da zan ce ba.

Allurar Batul ta kwana goma sha bakwai ce, biyu kullum. Ka ce mini maganin yana da ƙarfi, yana iya taɓa zuciya, kuma ka ce kada a tsallake ko kwana ɗaya. Kowace safiya sai ka saurari ƙirjinta, ka duba idonta, ka tambayi abin da ta ci, sannan ka ce wa Ayuba, ma'aikacin jinya, ya yi mata. A kwana na tara ka tafi. Har yau ba a turo wani likita ba.

Jiya Juma'a, kwana na sha biyu, ta tashi da amai, ta ce ƙirjinta yana bugawa. Ayuba ya nemi likitocin Gadarif a waya bai samu ba. Yarinyar ba ta da ƙarfin da za ta jure wannan hanya. Ya tsaya da allura a hannu ya ce, "Hajja Mairama, wallahi wannan ya fi ƙarfina. Diktor ne yake yanke irin wannan. Mu yi, ko mu dakata?" Ni yake tambaya, Uzairu. Magana biyu ka bar mini, kuma jiya sun ci karo. Na ce ya yi. Ta kwana lafiya, amma ban sani ba ko daidai na zaɓa, kuma yau ma zai sake tambayata.

Ka yafe mini ƙaryar da na yi maka a ƙofa, ƙanena. Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa kowane yaro da ka duba ya zama shaida gare ka ranar tsayuwa. Hajja Fatiha, Iman, da 'yan matansa biyu, Allah Ya ba ku haƙurin da ni ban samu ba tukuna, Ya zama gatanku. Duk wanda wannan takarda ta iske, idan ya gama yi wa Uzairu addu'a, ya ƙara da Batul. Saura kwana biyar, kuma babu mai sauraron ƙirjinta sai Allah.

Mairama Cindo, Basunda