Taɓaryar Inna da Motar Kawu

Wata Juma'a ce ta bazara, shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, Kawu Sani, ƙanen Inna, ya iso Gure daga Damagaram da sabuwar motarsa, baƙa wuluk, gilasanta masu duhu. Ya tsayar da ita ƙofar gidanmu, gefen tsohuwar akori-kurar Baba da muke kira Bashe, wadda yake kai gero kasuwar Gidigir da ita. Wayyo Bashe, ranar ta sha kunya! Ƙofarta ɗaya da igiya ake ɗaure ta, gilashin gefe tun kafin a haife ni ya faɗa ciki bai sake fitowa ba, kuma kullum kan tudun yashi take kwana don ta gangara ta tashi. Amma ita ce ɗakin wasanmu. Cikinta muke ɓuya, cikinta muke tuwon ƙasa, kaji ma can suke ƙwai. Ta Kawu kuwa kujerun fata, sanyi kamar randa, ko ƙarar inji ba a ji. Da aka gama sauke tsaraba za su masallaci, daga bakin zaure ya danna wani ɗan abu a hannunsa, ta yi ƙyit, ta kulle kanta. Muka yi ta tafi.

Aikina ranar shi ne kula da ƙanwata Hajara, 'yar shekara uku, don Inna na dakan furar baƙo. Ni kuwa uwar wasa, na biye wa ƙawaye muna carafke a gindin itacen bedi. Sai da na ci wasa biyu na tuna da ita. Na leƙa Bashe inda ta saba ɓuya, babu ta. Na duba bayan rumbu, na duba garken awaki, na leƙa rijiya. Ina dawowa na ga takalminta ɗaya a yashi, daidai ƙofar baya ta motar Kawu. Na manna fuska a gilashi, zafinsa ya ƙona mini goshi, na hango ta kwance tsakanin kujeru, ta jiƙe sharkaf, baki buɗe. Ashe ta shige ne lokacin sauke kaya. Ko ta yi kuka, motar nan ba ta bari a ji.

Ihuna ya tara matan unguwa. Maza duk suna masallaci, makulli na aljihun Kawu. Wata ta ce a ruga a kira shi, wata ta ce, "Kar ku taɓa, gilashin nan ya fi gidanku tsada." Inna ta fito da taɓarya, hannu duk gari. Ta zaga ƙofar gaba don kada tarkace ya sami yarinyar, ta ɗaga kamar za ta kirɓa fura. A bugu na uku gilashin ya tarwatse, motar ta hau kururuwa. Ta zura jiki ta jawo Hajara, aka kwara mata ruwan randa. Shiru. Aka ƙara. Sai ta ja numfashi, ta tsala kuka. Wallahi ban taɓa jin abu mai daɗin kukan nan ba. Na zauna daɓas a yashi, ina dariya ina hawaye.

Ana cikin haka maza suka sauko. Baba ya saki birki, Bashe ta gangara, ta yi tari biyu ta tashi, aka nufi likita. Kawu ne ya rungume Hajara, iska na shigo musu ta inda babu gilashi. Da yamma Inna ta fara ba shi haƙuri, ya tare ta: "Yaya, da kin jira ni, da ban yafe miki ba." Dukan da na yi ta jira kuwa bai zo ba.

Yau motoci irin ta Kawu sun cika gari, ni ma ina shiga, ina shan sanyinsu, amma ba na barin a kulle sai na leƙa baya. Bashe na nan kan tudunta, ba taya, 'ya'yan Hajara ke ɓuya a ciki, muna jiyo su daga tsakar gida. Ita nake kewa, motar da ba ta iya rufe kowa.