Zuciyar da Ke Cikin Ɗigon Ruwa

Mu 'yan gidan masunta ne a Yawuri, amma Baba bai taɓa ɗaukar aikina a matsayin kamun kifi ba. A Doha nake, ina bin jirgin bincike muna jan raga mai laushi kamar gyale, mu tace 'ya'yan kifin da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, mu zana taswirar inda suke taruwa a kowane yanayi. Idan sanyi ya ja baya, bakin gaɓa kan cika da su, ruwan ya yi luf, kore shar, har in manta a wace ƙasa nake.

"Ka ƙetare duniya kana kamun abin da ko kyanwa ba za ta kalla ba," haka yake ce mini a waya. Nakan yi dariya, amma abin na ci mini rai. So nake ya kira ni masunci ko sau ɗaya.

Da na kawo shi aka cire masa yanar ido a wani asibiti a Al-Sadd, sai da ya warware na lallaɓa shi zuwa wurin aikinmu. Ranar mun dawo da 'ya'yan kifi masu rai. Na ɗiga ɗaya a faranti, na saita masa madubin ƙara girma.

"Baba, rufe ido ɗaya ka leƙa."

Ya sunkuya, hularsa ta karkace. Na san abin da yake gani: jiki garau kamar gilashi, manyan idanu baƙaƙe, da 'yar zuciya tana bugawa a fili. Ya daɗe bai motsa ba, sai sanyin na'ura ke kaɗa masa gefen riga.

"Wannan mai motsin fa?"

"Zuciyarsa ce."

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Na tsufa a cikin ruwa ban taɓa ganinsu suna jarirai ba."

Ina jiran kalmar nan tawa. Ya ɗago, idon da aka gyara yana ƙwalla.

"Kai ba masunci ba ne," ya ce. "Mu ɗiba muke yi kawai. Kai raino aka ba ka. Tashi mu mai da shi gun uwarsa."

Muka tafi bakin teku, ɗan kifin na cikin kofin ruwa a hannunsa, ya tattare riga, ya shiga ruwa har gwiwa.