Abigail da Gwangwanin Man Girki

A Sabon Tasha an ce Abigail mayya ce, wai da harara kaɗai take lotsa ƙarfe. Wani ma ya rantse ya ga ta daka wa tankin ruwa tsawa ya durƙusa. Ƙarya ne, jama'a! 'Yar kawuna ce, tare muka tashi. Da tana da maita, ni da nake tsokanarta tun muna yara ai da tuni na zama faranti.

Malamar kimiyya ce a wata sakandare. Shekarar da soja suka miƙa mulki aka yi wa makarantar alkawarin ɗakin gwaji. Allon suna ya iso, kaya ba su iso ba, awaki suka tare a ɗakin. Ga jarrabawa ta matso, yara na haddace zafi da matsin iska kamar aku. Abigail ta fusata, ta ɗauko risho da gwangwanin man girki daga gida. Ta tafasa ɗan ruwa a ciki, tururi ya kori iska, ta rufe gam, ta kwara ruwan sanyi. Gwangwani ya lotse, ɓam! Rabin aji ya fice ta taga.

Mama Esther, mai tuyar ƙosai, ta tara iyaye, wai ko a kori malamar ko su kwashe 'ya'yansu. Shugaban makaranta, matsoraci, ya ce Abigail ta ba da haƙuri.

"Haƙurin me?" in ji ta. Ranar taron iyaye ta zo da rishonta da sabon gwangwani, ta hura wuta, ruwa ya tafasa, ta rufe gwangwanin, ta miƙa wa Mama Esther moɗar ruwan sanyi.

"Mama, ki yi addu'a, ki zuba da hannunki. Ni zan juya baya."

Mama ta zuba. Ɓam! Ta kurma ihu ta yar da moɗar.

"To, wa za a kora?" in ji Abigail tana huci. "Ciki ya huce, iskar waje ta danne shi, shi ke nan! Ku je ku tambayi masu alkawari kayan yaranku, ku bar ni!"

Babu wanda ya ƙara zancen kora. A hanya na ce, "Mayyar gwangwani, a yi min rai, kada a lotsa ni."

"Kai ba sai na hura wuta ba," in ji ta. "Kanka dama babu komai a ciki. Ruwan sanyi kawai ya rage."