Ranar da Hajiya Asabe Ta Buga Dutsen Amare

Ƙarar ta fi ta kuge zurfi. Idan aka buga dutsen nan, sautin ba ya tsayawa a kunne, sai mutum ya ji shi a tafin ƙafa, sannan ya gangara ta cikin gonakin dawa ya shiga ƙauye. Na ji shi sau da yawa a aikin nan, amma bugun da ya ƙi fita daga raina shi ne na ranar da aka gwada ni, wata Laraba a farkon kaka, an yanke gero ba a kai ga dawa ba. Ku da kuka shigo kwanan nan kun sha jin gutsuri-gutsurin labarin, to bari ku ji shi daga bakin mai shi.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ofishinmu ƙarami ne, na masu kai baƙi yawon buɗe ido. Baƙo zai sauka a Birnin Kudu, mu kai shi ya ga zanen shanun da ke jikin duwatsu, waɗanda ba wanda ya san hannun da ya yi su. Daga nan sai mu ɗauki hanyar Gwaram zuwa wani ƙauye da ke gindin dutse a wajen Sara, inda muke da 'yan bukkoki domin masu son shan iska. Sabon ma'aikaci yana farawa ne a matsayin mai koyo, ya ɗauki ruwa da lema ya bi baya. Idan ya goge sai a gwada shi ya zama ɗan rakiya. Ranar gwaji shi zai ja baƙi, babban ɗan rakiya yana biye bai cewa komai. Abu biyu ke kayar da mutum: ƙorafin baƙo, ko ƙorafin mutanen gari.

Babban ɗan rakiyarmu a lokacin shi ne Malam Sabo, dattijo mai ƙarancin magana. Da safe ya gaya mini cewa gwajin sau ɗaya ake yi, idan na faɗi akwai mai jiran gurbin. Ni kuwa na gama karatuna na Hausa da tarihi, kuma ba abin da nake so kamar in yini a kan duwatsun nan.

Baƙin ranar malamai mata ne da suka yi ritaya, sun zo daga Kano cikin bas guda. Jagorarsu Hajiya Asabe, tsohuwar shugabar wata makarantar 'yan mata, doguwa, da tabarau da sanda. Sauran duk sun yi aiki a ƙarƙashinta, har a lokacin kuma Shugaba suke ce mata, idan ta yi gyaran murya sai su gyara mayafi.

A wurin zanen shanu na buɗe baki da jawabin da na daɗe ina gogewa. Na ce shanun nan sun tsaya a jikin dutse suna jiran makiyayin da ya tafi neman ruwa bai dawo ba. Hajiya ta dube ni ta saman tabarau.

"'Yar nan, tarihi muka zo ji. Idan waƙa ce akwai rediyo a mota."

Na haɗiye sauran jawabin. Tun daga nan har Sara tambayoyi take jefo mini kamar ina gaban allo, wace ƙasa ce ja a zanen, me ya sa ruwa bai wanke shi ba. Malam Sabo yana kujerar baya yana kallon taga.

Da muka isa ƙauyen muka bi tsari. Muka gaida mai unguwa, muka miƙa goro, ya ba mu izinin hawa, ya kuma maimaita gargaɗin da ya saba: baƙo ya duba, ya ɗauki hoto, amma kada ya buga. Ya ce ranar da aka mayar da dutsen abin wasa, ranar zai rufe hanya.

A saman akwai wani faffaɗan dutse da ya hau kan wasu ƙanana, duk jikinsa ya lotsa saboda bugu. Shi ne Dutsen Amare. Na yi musu bayani, wannan karon ba ado. A ƙarni na goma sha tara, lokacin da mahara ke gangarowa daga kudu, mutanen ƙauyen kan kwashe mata da hatsi su hau nan. Taron biki a cikin gari ya zama kasada, don haka mata suka mayar da sa lalle kan dutse. Amarya za ta hau da ƙawayenta ta buga da hannunta, matan gari su ji su biyo da lalle. Hare-hare sun wuce, al'adar ta zauna. Na ƙwanƙwasa shi da farce kamar yadda aka koya mana, suka kanga kunne suka ji 'yar ƙarar.

Daga nan na ja su bakin gaɓa su ga ƙasa. Dawa ta yi kai, iska tana kwantar da ita tana tayarwa, shanun Fulani sun bazu a fadama kamar an shanya farin kaya. Ina cikin nuna musu inda tsohuwar ganuwa ta bi, sai ƙasa ta amsa a ƙarƙashin ƙafata. Na waiwaya. Hajiya Asabe ce tsaye, ta jingine sandarta, ta ɗauki ɗan dutsen da ake bugu da shi, tana ta dukan Dutsen Amare kamar mai kiran ɗalibai taron safe.

A ƙasa duk dakan da muke ji ya ɗauke. Can sai guɗa ta tashi daga wani gida, wata ta amsa daga wani. Malam Sabo ya cire hula ya mayar.

Ba a jima ba suka ɓullo, mata a jere, wata da tabarma, wata da kasko yana hayaƙin turare, wata da ƙaiƙayi a gashin ido don daga sussuka ta taso. A gabansu Iya Kande, alwankar garin, wato mai wanke amare ta sa musu lalle, tana kwaɓa lallen a ƙwarya tana tafiya. Tana isowa ta ƙare wa taron kallo, ta ga ni kaɗai ce budurwa, ta cafke wuyan hannuna. Malam Sabo ya matso zai yi bayani, sai matan suka taso masa, wai tun yaushe namiji ke tsayawa wurin lalle. Suka kora shi har bayan wata tsamiya. Mai gwada ni ke nan ya tafi.

Na ce wa Iya ba ni na buga ba. Ta tambaye ni wace ce. Malaman nan duk suka juya wuri guda, ga shi kuma ɗan dutsen yana hannun Hajiya. Iya ta sake ni, ta zagaya ta, ta dubi furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwali.

"Ikon Allah. Ba mu taɓa samun mai tabarau ba, amma tunda kin kira mun zo. Zauna, amarya."

Wata Malama Rabi ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa. Hajiya ta ce ita tana da jikoki, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ba wanda ya isa ya zaunar da ita a tabarma. Iya ta ce ita ma tana da jikoki, kuma da ƙafarta ta hawo.

Na durƙusa gaban Iya na roƙe ta, na ce baƙuwa ce, a sa mini lallen a madadinta. Ta ce ba tsafi ba ne, ba kuma wanda zai mutu, amma tun kakanninsu ba a taɓa buga dutsen nan aka sauka hannu fari ba. Idan aka fara yau, gobe 'yarsu za ta buga, matan gari su ce baƙi ne, su ci gaba da dakansu. Ta ce in mun ƙi, ita da kanta za ta je wurin mai unguwa.

Sai na ga aikina ya tsaya tsakanin tsofaffi biyu. Idan Hajiya ta fusata na faɗi, idan Iya ta fusata na faɗi kuma an rufe dutse. Na juya na durƙusa gaban Hajiya. Ta tambaye ni me dokar ofishinmu ta ce a yi a irin wannan hali. Na ce ba ta ce komai ba.

"To ke me kika ce?"

"Hajiya, duk wadda ta taɓa kira a nan an amsa mata. Matan nan sun bar sussuka sun hawo dominki. Ba na so a ce a ranata aka fara kira a banza."

Sai ta miƙo mini sandarta, ta tattare zane, ta zauna a tabarma.

Ko a zaunen ba ta bar shugabanci ba. Ta ce lallen ya yi ruwa, ta ce mai guɗar tana yankewa da wuri. Iya Kande ta ɗauko wani zanen saƙi ta lulluɓe ta ruf, ta ce amarya ba ta magana. Nan Malama Rabi ta zube ƙasa. Ta ce shekara da shekaru suna neman wanda zai faɗa wa Shugaba wannan kalma, ashe yana kan dutse a Sara. Malaman suka zama ƙawayen amarya nan take, suka shiga tafi, har da masu yi mata faɗan ta bi miji sau da ƙafa. Ni na riƙe mata hannu ana shafa lallen ana naɗewa da ganye. Na ji hannun yana rawa, na ce a raina dariya take a ɓoye.

Da aka zo tambayar ango, wata ta nuna tsamiya, inda hular Malam Sabo ta leƙo. Aka aika masa da fura a ƙwarya, aka ce ya ƙara haƙuri. Har ya bar aiki, matan ƙauyen angon Shugaba suke ce masa.

A gindin dutse Malam Sabo ya ce shi dai bai ga gwaji ba, bayan tsamiya ya gani, don haka sai abin da ɓangarorin biyu suka faɗa. Mai unguwa ya ce tunda an sa lalle ba shi da ƙara. Hajiya tana ƙoƙarin hawa bas da hannu a naɗe, ta ce, "Yarinyar nan tana zuba wa tarihi waƙa da yawa. A rage. Amma kada a sake ta." Washegari na zama 'yar rakiya.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, wuraren da muke nunawa ba kayan ajiya ba ne, masu su suna nan suna amfani da su. Mu aro muke yi. Ɗan rakiya yana da baƙi iri biyu, waɗanda ya hawo da su da waɗanda ya tarar, kuma bai gama aiki ba sai duka sun sauka ba mai jin an wulaƙanta shi.

Bayan shekaru, har na zama babbar 'yar rakiya, wata mata ta zo da 'ya'yanta ta nemi ni da suna. 'Yar Hajiya Asabe ce, ta ce Allah ya yi wa mahaifiyarta rasuwa. A kan dutsen ta gaya mini cewa kakar mahaifiyar Hajiya 'yar ƙauyen nan ce. Ranar lallenta ta hau ta buga, mata suna kan hanya da ƙwaryar lalle mahara suka riga su, suka tafi da ita. A Kano ta tsufa, ba ta sake ganin dutsen ba, kuma a gidansu ba yarinyar da ta tashi ba a ba ta labarin ba. Hajiya ta san abin da ke biyo bayan bugun nan tun kafin a haife ni.